FILIN MANOMA: Firijin Da Ƙyaurensa Ba Ya Rufe Kansa

Bazara ta kama, kowa kuwa ya san halinta. Nonon da aka tatso da asuba kafin azahar ya juya, kunun aya ba ya kai la'asar, naman da ya kwana sai zubarwa. A watan Afrilu zafi a Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan kai digiri 40, wani lokaci har ya ɗara. Saboda haka firiji, wanda a da sai a gidan Bature ko a asibiti ake ganinsa, yanzu ya zama kayan sana'a kamar garma da sikeli. Mai kiwon kaji a ciki yake ajiye maganin rigakafi, mai kindirmo da mai zoɓo da shi suka dogara, mai kanti a bakin tasha ba shi da ciniki in ruwansa bai yi sanyi ba. Akawun ƙungiyar masu tara madara kuwa, in abin da aka tara ya lalace, shi za a fara tambaya.

To, akwai wata 'yar cuta da ke kama firiji wadda mutane suka raina, watau ƙyaure ya daina rufe kansa. A tura shi a juya baya, ashe ya tsaya saura kaɗan, ko kuwa ya rufe ya sake buɗewa da faɗin ɗan yatsa. Ba ƙara, ba hayaƙi, inji yana ta gunjinsa, don haka ba mai kula. Sai an ga kaya ba su yi sanyi ba a ce gas ya ƙare, a kira mai gyara, a biya kuɗi masu yawa, bayan mako guda abin ya komo. Alhali kuwa gas ɗin firiji ba ya ƙarewa kamar kananzir a fitila. A rufe yake cikin bututu yana ta kewayawa, ba ya raguwa sai in bututun ya huje. Sau da yawa laifin na ƙofa ne kurum, gyaransa kuma bai fi ƙarfin mai firijin ba.

Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi. Kadan ƙofa ta bar kafa, sai mai sanyin ta zurare ta ƙasa kamar ruwa daga tulun da ya tsage, iskar ɗaki mai zafi ta shiga ta sama ta maye gurbinta. Ita iskar ɗaki kuwa tana ɗauke da laima, balle da damina. Da ta taɓa ƙarfen sanyi sai laimar ta zama raɓa, raɓar ta daskare. Yau da gobe ƙanƙara ta yi kauri, ta lulluɓe ƙarfen kamar bargo, ta hana shi janye zafi daga jikin kaya. Shi ya sa akan ga abin mamaki: ƙanƙara maƙil a sama, nono kuwa yana tsami a ƙasa. Injin da aka yi shi don ya yi aiki ya huta, yanzu ba shi da hutu. Ya sha man janareta, ya cinye batirin sola tun kafin tsakar dare, daga bisani kwamfiresa ta ƙone, ita ce kuwa mafi tsada a jikin firiji duka.

Ga kuma batun ɗauke wuta. Ma'aikatar aikin gona ta Amurka ta ce firijin da aka bar shi a rufe yakan riƙe sanyin abinci kamar awa 4 bayan ɗauke wuta, firiza cikakkiya kamar awa 48, wadda ke rabi kuwa awa 24. Wannan lissafi na ƙofar da ta rufe ruf ne, a ɗakin da bai kai namu zafi ba. In ƙofar tana yoyon iska, ba a ma maganar lissafi.

Amma asarar da ta fi ciwo ita ce wadda ba a gani. Nono in ya lalace hanci ya faɗa, nama ma haka. Maganin rigakafi ba ya wari, ba ya sake launi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda take aiki a can tun 1924, tana yin rigakafin ciwon huhu na shanu, da na harbin daji, da na saifa, da na annobar kaji da ake kira Niyukasil. Yawancin irin waɗannan magunguna ana so su zauna tsakanin digiri 2 da 8, waɗansu kuma a firiza, kowanne dai an rubuta nasa a jikin kwalba. In ya sha zafi ƙarfinsa ya tafi, sake sanyaya shi kuma ba ya komo da shi. Mutum ya ɗiga wa 'yan tsakinsa ɗari biyar, ya kwanta da zuciya ɗaya, annoba ta zo ta share keji, ya ce an sayar masa da jabu. Wataƙila maganin lafiyarsa lau ya baro Vom, a ɗakin mai kajin ya mutu.

A FARA DUBA DAƁE

Mutane da yawa suna tsammani mayen ƙarfen da ke cikin robar ƙofa shi ke jawo ƙyaure ya rufe. Ba haka ba ne. Mayen ƙarfen nan ba shi da ƙarfin kamu sai ƙyauren ya zo dab da jikin firiji. Abin da ke kawo shi nan ɗin nauyinsa ne. An yi firiji don ya tsaya a ɗan kishingiɗe ta baya, gabansa ya ɗara bayansa tsawo da kamar rubu'in inci, watau milimita 6, kusan kaurin fensir. In ya tsaya haka, ƙyauren kullum gangara yake yi zuwa wajen rufewa. In kuwa firijin ya rusuna gaba, gangaren ya koma wajen buɗewa, ko sabuwar roba aka sa ba ta hana.

Nan ne 'yan kasuwa suka fi shiga. Magina kan yi simintin kanti da gangare zuwa bakin ƙofa don ruwan wanki ya fita. Mai kanti ya jingina firijinsa da bangon ciki yana fuskantar titi, ai ya rusunar da shi gaba bai sani ba. A ɗakin daɓe kuma ƙasa kan lotsa ƙarƙashin ƙafa ɗaya bayan damina. Firijin hannu da aka sayo a kasuwa, wanda ya sha hawa da sauka daga jirgi zuwa babbar mota zuwa amalanke, sau da yawa ƙafa ɗaya ta faɗi a hanya, an tokare wurin da dutse.

Gwajin ba wuya. A buɗe ƙyauren rabi, a sake shi. In ya tafi a hankali ya rufe da kansa, tsayuwar firijin daidai take. In ya tsaya cik, ko ya ƙara buɗewa, sai a ɗora faranti mai faɗi a bisa firijin, a zuba ruwa kaɗan. Ana so ruwan ya zama daidai hagu da dama, ya ɗan fi taruwa ta baya. In ya taru ta gaba, an ga ɓarawon. In firijin ya karkata wajen gefen hinji, watau ƙarfen da ƙyauren ke juyawa a kansa, nan ma ƙyauren zai riƙa neman buɗewa. Wanda ke da ma'aunin magina mai ƙwayar iska cikin ruwa, ya fi faranti sauƙi.

Sa'an nan a zare wuta, a rage kayan ciki. Mutum ɗaya ya ɗan tura firijin baya ya riƙe, ɗaya ya durƙusa ya juya ƙafafun gaba, gama yawancinsu masu barima ne kamar noti, suna fitowa suna shigewa. A juya kaɗan, a sauke, a gwada ƙyauren, a sake juyawa, har ya soma rufe kansa. In ƙafafun sun ɓace, a sa katako mai faɗi ko gutsuren tayil. Kada a sa kwali, yana shan ruwa ya lotse cikin mako guda. A kuma girgiza firijin a ji ko yana rawa. In a kan ƙafa uku yake tsaye, jikinsa kan murɗe, ƙyauren ya kama ta sama ya saki ta ƙasa.

Kada kuma a yi zarin abin. In an kishingiɗar da shi da yawa ƙyaure zai riƙa bugawa da ƙarfi, ƙwai su fashe, iskar bugun ta ture ƙaramar ƙofar sama ta buɗe.

Amma fa duk wannan magana ta firijin lantarki ce mai kwamfiresa. Firijin kananzir, da ɗan'uwansa mai aiki da tukunyar gas, dokarsu dabam. Waɗansu ɗalibai biyu na ƙasar Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, su suka ƙago irinsa a 1922, kamfanin Electrolux ya soma sayar da shi a 1925, ya kuwa yi wa asibitocin ƙauye aiki shekara da shekaru kafin na sola su soma maye gurbinsa. Ba shi da inji. Harshen wutar lagwani ke dafa ruwan amoniya, ruwan ya riƙa gangarowa da kansa cikin bututu masu ɗan gangare. In an karkata shi, ruwan ya taru wuri ɗaya, sanyi ya tsaya, in an daɗe a haka ma ya lalace ɗungum. Irin wannan tilas ya tsaya sak ta kowace fuska. A rataya zare da ɗan dutse a gefensa a auna. Ƙyaurensa kuwa da hannu za a riƙa tura shi, a tabbata ya kama.

HINJI DA KAYAN DA AKA ƊORA MASA

In tsayuwa ta yi daidai amma ƙyaure bai rufe ba, kafin a ɗauko sukurudireba a leƙa ciki. Sau tari hannun tukunya ne ya leƙo, ko akwatin kayan lambu bai shige ƙarshe ba, ko jarka ta yi tsawo. Wannan ba ya bukatar bayani.

Abin da ke bukatar bayani shi ne nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Mai zoɓo ta jera gora shida masu lita ɗaya da rabi a jikin ƙyaure, ta rataya masa kilo 9 ke nan, ana buɗewa ana rufewa wuni zubur. Ga yara masu lilo da mariƙi. Sannu a hankali sukurorin hinji su saki, ƙyauren ya sunkuya ta gefen mariƙi, ƙasansa ya riƙa gogar jiki. Ana gane wannan in an tsaya daga nesa an duba: saman ƙyauren bai yi layi ɗaya da saman firijin ba. Ko kuwa a buɗe shi, a kama gindinsa a ɗaga. In yana motsi sama da ƙasa, hinji ya saki.

Hinjin sama yana ƙarƙashin wani ɗan murfin roba. A ɓalle murfin, a sassauta sukurorin kaɗan, wani ya ɗaga ƙyauren ya daidaita shi, sa'an nan a ɗaure tam. Hinjin ƙasa shi ke ɗauke da nauyin duka, shi ne kuma ruwa ke ɗiga a kansa ya yi tsatsa. Akwai 'yar washa tsakaninsa da ƙyaure. In ta cinye sai ƙyauren ya zauna ƙasa da wurinsa, sabuwar washa ta 'yan kuɗi kaɗan ta ɗaga shi.

Waɗansu firiji, musamman manya, suna da wata dabara a hinjin ƙasa: robobi biyu masu tauri, kowace da gangare, ɗaya bisa ɗaya. In an buɗe, sai ƙyauren ya ɗan hau tudu, mai lura zai ga ya ɗaga kaɗan. In an sake shi, nauyinsa ya gangaro da shi ya rufe. Robobin nan sukan cinye. Alamarsu ita ce a ga gari-gari kamar dusa a ƙarƙashin hinji, ko a riƙa jin ƙas duk sa'ad da aka buɗe. Ba a gyara su, sai dai a sake. A cire tsofaffin a tafi da su wurin masu sayar da kayan firiji don a gwada, gama kowane kamfani da irin nasa. Firijin da wayar lantarki ko tiyon ruwa ya bi ta cikin hinjinsa kuwa, a bar wa mai sana'ar ya cire ƙyauren.

ROBA

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Robar bakin ƙofa ita ce bangon, tana kuwa da maƙiya da yawa a ƙasar nan. Ƙurar hunturu ta cika lungunanta, zaƙin zoɓo da kunu ya manne ta da jikin firiji har in an ja ƙyaure ta yage, damina ta kawo mata fumfuna, ɓera ya gwaguye kusurwar ƙasa. Da shekaru kuma takan bushe ta yi tauri. Mayen ƙarfen da ke cikinta ba safai yake mutuwa ba, robar ce in ta sandare ba ta barinsa ya miƙo ya kama.

A sami takardar kuɗi, ta naira 200 ko 500, ba irin ta leda mai santsi ba. A sa rabinta a bakin ƙofa, a rufe, a ja. In ta yi gardama kafin ta fito, wurin lafiya lau. In ta zare sulul, iska na bi ta nan. A bi gefe huɗun duka, kada a manta da ƙasa da gefen hinji, nan ne ido ba ya zuwa. Da dare kuma ana iya kunna tocila a sa ciki, a rufe, a kashe fitilar ɗaki. Duk inda haske ya leƙo, nan sanyi ke fita.

Magani na fari wanki ne. Ruwa mai ɗumi da sabulu da tsumma, a buɗa kowane lungu a goge, a goge kuma ƙarfen da robar ke kamawa, a bar su su bushe. Kada a sa kananzir ko fetur, suna ƙara busar da ita. Kada a shafa man gyaɗa ko manja, kiran tururuwa ne. Basilin kaɗan a kan ɗan yatsa ya isa, musamman ta gefen hinji, inda robar kan naɗe in tana goga. Wurin da ya lotse, a jiƙa tsumma da ruwan zafi a dafa a kai har robar ta yi laushi, a jawo ta da yatsa ta komo siffarta, a rufe ƙofar a bar ta 'yan awoyi. Na'urar busar da gashi ma tana yi in an riƙe ta daga nesa. Harshen wuta dai ko kusa.

In ta yage ko ta sandare, sai sabuwa. Akwai wadda ake cusawa cikin kwari, akwai wadda sukurori ke riƙe da ita a ƙarƙashin farantin cikin ƙyaure, don haka a ɗaga tsohuwar a ga irinta, a auna tsawo da faɗi, a kwafi lambar firijin kafin a tafi kasuwa. Sabuwar takan zo a naɗe, sai a shimfiɗa ta a rana ko a tsoma ta cikin ruwan zafi ta miƙe. Mai sukurori kada a ɗaure su tam tun farko. A rufe ƙofar tukuna, in ƙyauren ya murɗe a kama sama da ƙasa a murɗo shi ya kwanta daidai, sa'an nan a ɗaure.

Abu biyu kan tsorata mutane a banza. Ɗaya, a taɓa bakin firiji a ji ɗumi. Da gangan aka bi da bututu mai zafi ta nan don kada raɓa ta taru. Na biyu, a rufe ƙofa, a so buɗewa nan take ta ƙi. Iskar da ta shiga ce ta yi sanyi ta tsuke, alama ce ta roba mai kyau. A dakata minti ɗaya, kada a fizga, fizgar ce ke tumɓuke roba ta karya mariƙi.

Firiza mai murfi a sama, irin ta masu ƙanƙara da masu kifi, ba ruwanta da kishingiɗa, nauyin murfinta ke rufe ta. Ciwonta uku ne: cika ta har kaya su tokare murfi, ƙanƙara ta taru a baki, da zaman da ake yi a kanta ana hira kamar benci har murfin ya lanƙwashe. Ƙanƙara in ta kai kaurin rabin santimita lokacin narkarwa ya yi. A kashe wuta, a kwashe kaya, a sa kwanon ruwan zafi a ciki. Masu sassaƙa ta da wuƙa su ke huda bututu, gas ya fice fuu. Yawancin firijin da ake yi yanzu kuwa gas ɗinsu shi ne R600a, an rubuta a bayansu, dangin gas ɗin girki ne, yana kama wuta.

Mai ajiye maganin rigakafi ya sayi ma'aunin zafi ya sa a tsakiyar firiji, ya duba safe da yamma. Maganin ya zauna a tsakiya, ba a jikin ƙyaure ba, gama nan ne wuri mafi ɗumi. Ya jera gorunan ruwa a ƙasa, suna riƙe sanyi in an ɗauke wuta. In kuwa an wayi gari an tarar ƙofa ta kwana a buɗe, a ware maganin, a gaya wa malamin dabbobi gaskiyar abin da ya faru kafin a yi aiki da shi.

Saura magana ɗaya, ta masu ɗaure firiji da robar tayar keke, da masu kafa masa sakata da kwaɗo. Huda jikin firiji don kafa sakata caca ce, domin bututun nan mai ɗumi yana kwance ne dab da bakin ƙofa, ba a ganinsa. Ban da haka, firijin da ke kulle daga waje tarko ne. Firijin da ake yi a da duk mariƙin ƙarfe gare su mai maƙalewa, ba a iya buɗe su daga ciki. A Amurka yara da dama suka shiga waɗanda aka yar suna wasan ɓuya, iska ta ƙare musu, ba a ji kukansu ba saboda kaurin bangon. A 1956 aka yi doka a can, cewa daga ƙarshen Oktoba na 1958 kowane firijin gida sai ya zama ana iya ture ƙofarsa daga ciki. Daga nan roba mai mayen ƙarfe ta bazu har ta game duniya. Wanda ya kafa sakata ya komo da tarkon da aka kawar. In tilas ne a kulle saboda ɓarayi, mabuɗi ya zauna hannun babba, kuma kada a taɓa barin firijin da ba kome a ciki da sakata a jikinsa.

Firijin da ya mutu kuwa, wanda aka jefa a bayan ɗaki ko aka mai da shi ma'ajin dusa a tsakar gida, a cire masa ƙyaure. Sukurori uku ne ko huɗu a hinjin sama. A kwance su, a ɗaga ƙyauren ya fita daga hinjin ƙasa, a kai shi wani wuri dabam a jingine.